ƘOFA BIYU ZUWA JAMI'A: DARASIN DA NA KOYA A AMURKA

Na san da yawa daga cikinku ba za su tuna da ni ba, domin na bar makarantarmu tun cikin 2022 ina aji huɗu, sa'ad da mahaifinmu ya gama shirya takardu ya aiko aka kai mu wurinsa a birnin Niyok na ƙasar Amurka. Waɗanda na bari a aji biyu suna yi mana sharar ɗaki, yau su ne manyan makaranta. Malaminmu na Hausa ne ya rubuto mini ya ce in aiko da wani abu da zai amfani ɗalibai. Na duba, ban ga abin da ya fi dacewa in ba ku labarinsa ba kamar wata shawara da ta hana gidanmu barci har wata biyu, watau ko in wuce jami'a kai tsaye bayan na gama sakandare, ko kuwa in fara shiga ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, daga can in ƙaura zuwa jami'a. Labarin na Amurka ne, amma in kun bi ni zuwa ƙarshe za ku ga akwai rabonku a ciki.

Mece ce kwalejin al'umma?

A Amurka akwai wasu makarantu na gaba da sakandare da ake kira kwalejojin al'umma. Galibinsu na gwamnati ne, karatunsu shekara biyu ne, kuma yawanci ba su da ɗakunan kwana, ɗalibi daga gida yake zuwa ya koma gida. Babban abin da ya bambanta su da jami'a shi ne ƙofarsu a buɗe take. Duk wanda ya gama sakandare, ko ya ci jarrabawar da take daidai da ita, ana karɓarsa. Saboda haka a aji ɗaya sai ka tarar da yaro ɗan shekara goma sha takwas, ga uwar 'ya'ya uku, ga tsohon soja, ga direban tasi da ya ajiye mota ya shigo ɗaukar darasi.

Wadda ake ɗauka ita ce ta farko ta gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida kacal. Mutum biyu ne suka haɗa kai suka kafa ta: William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago, da J. Stanley Brown, shugaban makarantar sakandaren garin. Ra'ayinsu shi ne, karatun shekara biyun farko na jami'a ana iya yin sa kusa da gida. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a yawaita irin waɗannan makarantu, kuma daga nan sunan kwalejin al'umma ya bazu. Yau akwai kimanin dubu ɗaya a ƙasar. A birnin Niyok kaɗai, Jami'ar Birni da ake kira CUNY tana da guda bakwai a ƙarƙashinta. Biyu daga ciki suna yankinmu na Bronx, inda Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya suke da yawa: Bronx Community College da aka kafa a 1957, da Hostos da aka kafa a 1968.

Yadda ake auna karatu

Kafin in ci gaba sai na bayyana muku wata kalma, domin duk maganar a kanta take. A can ana auna karatu da abin da ake kira kiredit. Kada ku ɗauka irin kiredit ɗin da muke nema a jarrabawar WAEC ne. Wannan ma'auni ne na yawan karatu, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Darasi ɗaya da ake shiga kamar awa uku a mako har zango ya ƙare, yawanci kiredit uku ne. Ɗalibin da ya duƙufa yakan tara 15 a zango, 30 a shekara. In ya tara 60 sai kwaleji ta ba shi ƙaramin digiri. Cikakken digiri na jami'a kuwa 120 ne, ko da yake wasu fannoni kamar aikin injiniya sukan ɗara haka kaɗan.

To, ga yadda hanyar ƙaura take. Mutum ya yi shekara biyu a kwaleji ya tara mudu 60, ya ɗauka ya kai jami'a, jami'a ta karɓa ta sa shi a aji uku, ya ƙara 60 ya gama. Takardar digirin da za a ba shi sunan jami'ar ne a kanta, daidai da ta wanda ya fara can tun ranar farko. A takarda kam abin da sauƙi. Amma ku riƙe wannan a zuciya: jami'a ce take riƙe da mudun awo, ba kwaleji ba. Zan dawo kan wannan.

Amsa biyu a hannuna

A shekarata ta ƙarshe a sakandare na nemi jami'o'i da nufin karanta aikin injiniya. Wadda na fi so, ta cikin birni, ba ta ɗauke ni ba, domin makina na shekarar farko bai yi kyau ba. Lokacin kunnena bai saba da Turancin Amurkawa ba, malami yana magana ina jin kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Amma wata jami'ar jiha da ke can arewa, tafiyar awa da yawa a mota, ta aiko ta ce ta karɓe ni. Ranar da saƙon ya zo Umma har guɗa ta yi, Baba kuwa ya kai labari wurin abokansa kafin magariba.

Bayan mako kaɗan takardar kuɗi ta biyo baya, sai murna ta koma ciki. A shekarar karatu ta 2024/2025 kuɗin karatu a jami'o'in jihar Niyok dala 7,070 ne ga ɗan jiha, wanda ba shi ne abin tsoro ba. Kuɗin ɗaki da abinci shi ne ya ninka wannan har ya wuce. Na cike fom ɗin neman taimako da ake kira FAFSA, aka ba ni tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda iyakarsa a shekarar dala 7,395 ne, aka ƙara mini da na jiha. Duk da haka, da muka zauna da biro da takarda, sai muka ga saura fiye da dala 12,000 kowace shekara, har shekara huɗu. Kwalejin al'umma kuwa ta CUNY dala 4,800 ce a shekara ga ɗan gari, tallafin ya biya ta duka, kuma a gida zan kwana in ci tuwon Umma.

Baba direban tasi ne. Yakan fita tun kafin asuba, a cikin abin da ya samo yake biyan hayar gida, ya ciyar da mu biyar, ya kuma aika wa kakanninmu da ke gida. Hanyar cike wannan giɓi ɗaya ce, watau cin bashi, kuma bashin mai ruwa ne. Wani dare ya kira ni ya ce, "Zauna nan. Ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma na riga na gaya wa mutane ɗana ya sami jami'a. In ka ce can za ka, zan ƙara awoyin aiki. Amma bashi da ruwa, raina bai kwanta da shi ba. Je ka ka bincika da kyau, ka zo ka gaya mini gaskiya, kada ka duba abin da mutane za su ce."

Na ce, "To Baba, ku ba ni mako biyu." Ga abin da na samo.

Ribar kowace ƙofa

Wanda ya wuce jami'a kai tsaye yana da riba da ba a musu. Yana wuri ɗaya shekara huɗu, ba ya fargabar ko za a karɓi karatunsa. Yana sanin malamansa tun da wuri, yana shiga ɗakunan gwaje-gwaje, yana yin abokan da za su taimaki juna har bayan makaranta. Har ila yau, tallafin da jami'o'i ke bayarwa daga aljihunsu yakan fi tsoka ga sababbin shiga. Wasu manyan jami'o'i masu dukiya, irin su Harvard, sukan ɗauke wa ɗan talaka mai hazaƙa kusan dukkan nauyi, amma masu ƙaura kaɗan ƙwarai suke karɓa. Don haka wanda ya sami irin wannan dama ya ƙi ta don neman araha, bai yi dabara ba.

Kwaleji ita ma da tata ribar. Ta farko sauƙin kuɗi. Ta biyu, azuzuwanta ƙanana ne, malami yana sanin sunanka, alhali a babbar jami'a darasin shekarar farko yakan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya. Ta uku, wadda ta fi shafata, ita ce damar gyara suna. In ka yi shekara biyu a kwaleji, jami'a makinka na kwaleji za ta fi dubawa, ba na sakandare ba. Kuma kada wani ya ce hanyar ragwaye ce. Eileen Collins, mace ta farko da ta shugabanci jirgin zuwa sararin samaniya na Amurka a 1999, a kwalejin al'umma ta garin Corning da ke jiharmu ta fara. Ta gama can a 1976, ta wuce Jami'ar Syracuse ta sami digiri a 1978.

Ramin da ke kan hanya

Da na tsaya nan da na yaudari kaina. Malamar ba da shawara ta makarantarmu ce ta nuna mini wasu alƙaluma da suka sanyaya mini jiki. Wata cibiyar bincike ta Jami'ar Columbia ta fitar da rahoto a 2024 a kan ɗaliban da suka shiga kwalejojin al'umma a 2015. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga irin waɗannan makarantu suna cewa digiri suke nufi. Amma cikin shekara shida, kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka ƙaura zuwa jami'a, kuma kashi 16 cikin 100 ne suka sami digirin. Watau a cikin mutum shida, ɗaya ne ya kai gaci. Bugu da ƙari, ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka mai suna GAO ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka canja makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu, in aka yi rabon daidai.

Me ke kawo wannan? Wani ɓangare rayuwa ce. Ɗalibin kwaleji yana gida, ga aiki, ga hidimar iyali, sai ya rage darussa, shekara biyu ta zama huɗu, a hankali zuciya ta mutu. Ɗaya ɓangaren kuwa rashin sani ne, kuma a gidanmu na ga misalinsa. Akwai wani yayanmu, ɗan abokin Baba, mutumin Kumasi, wanda ya yi shekara uku a wata kwaleji yana aikin dare yana karatun rana. Da ya kai takardunsa jami'a, sai aka ce wajen rabin darussansa ba su shiga cikin digirin da yake nema ba. Ba faɗuwa ya yi ba, makinsa mai kyau ne. Abin da ya faru shi ne, ƙaramin digiri iri-iri ne. Akwai AA da AS, waɗanda aka tsara domin mai niyyar wucewa jami'a. Akwai kuma AAS, wanda aka tsara domin mai son koyon sana'a ya kama aiki nan da nan. Shi na ukun ya shiga, bai tambaya ba, ba a kuma gaya masa ba. Ya ce da ni, "Ƙanena, ni na shiga mota ne kafin in tambayi inda za ta. Kai ka fara sanin garin da za ka, sa'an nan ka nemi motarsa."

Wannan magana ita ce ta warware mini kome. Ashe tambayar ba ita ce wace ƙofa ta fi daraja ba. Ƙofar kwaleji tana kai mutum jami'a, amma sai wanda ya shirya fitarsa tun ranar da ya shiga. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na yi

Na koma wurin Baba na ce kwaleji zan shiga, na kuma nuna masa shirina a rubuce. Ga shi nan, ko wani zai amfana.

Da farko na zaɓi jami'ar da nake nufi da fannin da nake so, na samo jerin darussan da take bukata a shekara biyun farko. Duk darasin da ba ya cikin jerin nan, komin daɗinsa, ban ɗauka ba.

Na biyu, na nemi sanin yarjejeniyar da ke tsakanin makarantun. A CUNY, tun 2013 akwai wani tsari mai suna Pathways, wanda ya sa darussan share fage na kiredit 30 suke karɓuwa a dukkan makarantunta. Wanda kuma ya gama AA ko AS a cikinta an yi masa alkawarin gurbi a ɗaya daga manyan kwalejojinta masu ba da digiri. Sai dai a lura, alkawarin bai ce lalle wadda kake so ba, ko fannin da kake so. Wannan sai da maki mai kyau. Kowace jiha da nata tsarin. A Kalifoniya, alal misali, rassa shida na jami'ar jihar suna ba da irin wannan tabbaci, amma Berkeley da UCLA ba sa ciki.

Na uku, na ƙudura zan yi karatu cikakke, kiredit 15 kowane zango, aikin neman kuɗi kuwa sai Asabar da Lahadi. Na shiga wani shiri na CUNY mai suna ASAP, wanda aka fara a 2007. Suna ba ɗalibi mai ba shi shawara na musamman, da katin shiga jirgin ƙasa da bas, da taimakon littattafai, bisa sharaɗin ya duƙufa. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, alhali na waje kashi 22 ne.

Na huɗu, ina adana takardar bayanin kowane darasi da na ɗauka a cikin jaka guda, domin ranar da jami'a za ta ce in kawo shaidar abin da aka koya mini.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ciwo. Abokaina sun tafi jami'a suna aiko hotunan ɗakunansu, ni kuwa ina bin jirgin ƙasa da jakar littattafai kamar ɗan sakandare. Wata rana a wurin suna na ji wani dattijo yana tambayar Baba, "Ina yaron nan da aka ce ya sami jami'a?" Baba ya ce, "Yana hanya, ta ƙasa ya bi." Yanzu ina shekara ta biyu, lissafin da ya fi ba ni tsoro na ci shi, na kuma aika da takardun neman ƙaura zuwa jami'ar nan da ta ƙi ni da farko. Amsa ba ta zo ba tukuna. Ko sisin kwabo ba a bin mu bashi.

Gargaɗi guda ga iyaye: kuɗin da na ambata na mazauna ƙasar ne. Baƙon da ya zo da bizar karatu yana biyan kusan ninki biyu a kwalejin, ba ya samun tallafin Pell, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba 'yan Nijeriya biza. Kada wani ya zo muku da daɗin baki ya karɓe muku kuɗi.

Mu dawo gida

'Yan'uwana 'yan aji shida, ku ma ƙofa biyu ce a gabanku. Ta farko ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, mai kai mutum aji ɗaya na jami'a. Ta biyu ita ce a fara yin IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko difloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, ko NCE ta shekara uku a kwalejin ilmi, sa'an nan a sayi fom ɗin shiga aji biyu na jami'a. Na san yadda muke yi a makaranta: wanda ya tafi kwaleji sai a riƙa kallonsa kamar wanda ya faɗi. Na kuma san waɗanda suka zauna gida shekara uku suna maimaita JAMB, alhali da sun bi ɗaya hanyar da yanzu sun yi nisa.

Amma ramin da yayanmu ɗan Kumasi ya faɗa, akwai irinsa a gida. Kowace jami'a da sharaɗinta. Wata difloma ba ta kai mutum wani fanni, wani sakamakon kuma bai isa a karɓe shi ba, kuma kiredit biyar na sakandare, har da Turanci, suna nan suna jiran kowa. Saboda haka kafin mahaifinka ya sayar da buhun masara ya biya maka kuɗin wata makaranta, duba littafin bayanin JAMB, ka je jami'ar da kake nufi da ƙafarka ka tambaya, ka kuma tabbata makarantar da za ka shiga hukuma ta san da ita. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma iyayenmu, ina roƙonku ku yi mana irin abin da Baba ya yi mini. Ku zauna da mu da biro da takarda, ku faɗa mana gaskiyar abin da aljihunku zai iya, kada kunyar maƙwabta ta zaɓa wa ɗanku makaranta.

Ina gaida shugaban makaranta da dukkan malamaina, musamman malamin Lissafi da ya sha kora ta waje saboda rashin yin aikin gida. Malam, yanzu ina yi. In amsar jami'a ta zo, kowace iri ce, zan rubuto muku a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Haza wassalam. Naku, tsohon ɗan aji huɗu.